Zuwa ga Baba Fensir, a Gidan Ritaya

Baba Fensir,

Ya zaman hutu? Tun da hukumar JAMB ta sallame ka daga ɗakin jarrabawa a 2015 ba a ƙara jin ɗuriyarka ba, ko walimar bankwana ba a yi maka ba. Ai tun 2013 aka soma yi maka zagon ƙasa, lokacin da aka ba yara zaɓi: ko kai, ko kwamfuta, ko a haɗa ku, tambaya a kan allo, amsa a takarda. Bayan shekara biyu kacal aka ce ka tattara kilina da reza ka ƙara gaba, bayan ka tsufa kana yi wa hukumar da aka kafa tun 1978 hidima. An ce da kai ake satar amsa, a zamaninka tambayoyi ke fita tun kafin ranar jarrabawa. Sai ka ce kai kake buɗe ambulan ɗin.

Bari in ba ka labarin magajiyarka, kwamfuta. Ba ta da wasa. Tambaya 180 take jerowa cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, in ma yaro bai tsaya yin bismilla ba. An sauƙaƙa masa dai: A, B, C da D na zaɓen amsa, N ya yi gaba, P ya dawo baya, S ya miƙa aiki. Da za ka ga ɗalibin makarantar ƙauye, wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba sai a zanen allo, yadda yake miƙa yatsa ɗaya a hankali ya taɓa N, ya janye da sauri, ya saci kallon na kusa da shi ko shi ma nasa allon ya canja. S kuwa ko kallonta ba ya yi, don an gaya masa tun daga gida cewa wanda ya danna ta ya gama yawo.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne in sanar da kai cewa kai kaɗai aka kora. Sharuɗɗan nan da ka sani suna nan daram, har sun hayayyafa. Mai son likitanci dole Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniya ya cire Bayoloji ya sa Lissafi. Mai son zama lauya kuwa, in babu Adabin Turanci a cikin huɗunsa, ko maki 300 ya ci cikin 400 ya yi aikin baban giwa. To yaron da makarantarsu ba ta da malamin adabi fa? Gomnati ya iya, ga Hausa, ga Addinin Musulunci, sai ya cike su abinsa. Mai shagon rajista ya karɓi kuɗinsa ya danna, magajiyarka ta yi masa tambayoyinta tsaf, ta ba shi makinsa. Sai lokacin ba da gurbi ya ji cewa haɗin darussansa bai yi daidai ba. Kowace jami'a kuma da nata ƙarin sharaɗin, a ɓoye cikin kundin da sai mai data da haƙuri yake karantawa.

Ka ƙara da kiredit biyar na WAEC ko NECO. Ka ƙara da lambar NIN da aka wajabta tun 2021. Sannan ga jarrabawar da jami'o'i suka ƙirƙiro a 2005 don ba su yarda da sakamakon da kake fitarwa ba. Da ka tafi, ni na ɗauka ita ma za ta bi ka, tunda an kawar da mai laifi. Minista Adamu Adamu ya soke ta a 2016, a 2017 ta dawo da ƙafarta. Ashe ba da kai suke ba.

Kuma kada ka ɗauka magajiyar ba ta tuntuɓe. A 2025 na'urori suka rikice, sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas ya lalace, aka ce su sake zama. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya ba da haƙuri har da hawaye. Na yaba masa, don ba kowane babba ne zai yi haka ba. Amma kai duk tsawon aikinka, iyakar ɓarnarka ka karye a fiƙe ka.

Kada ka ce na zo zuga ka ne ka nemi a maido ka. Sakamako yanzu cikin 'yan kwanaki yake zuwa ta waya, kuma masu sayar da amsa sun ji a jikinsu. Abin da nake so kawai, tunda na'urar ta iya gane zanen yatsan yaro a bakin ƙofa, ta riƙa gane cewa darussan da ya zaɓa ba za su kai shi inda yake so ba, tun kafin mahaifinsa ya sayar da akuya.

Wata shawara kuma: WAEC ma ta fara gwada kwamfuta tun 2024, don haka kada ka saki jiki da ɗan aikin wucin gadin da kake yi mata. Akwai wani kafinta a layinmu da ke neman wanda zai riƙa zama a bayan kunnensa. Albashin ba yawa, amma ba ya tambayar kiredit.

Naka,
Wani malamin sakandare