Rigar da ta fi ɗan wasa nauyi

Ranar Lahadin nan, ana tsakiyar cin kasuwar Illela, ina fama da mai albasa a kan farashi, sai ga samarin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu sun yi mini zobe da takardar neman gudummawa. Wai za a ƙaddamar da sabuwar ƙungiya. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Golan nan ne dai da ake zura wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, kyaftin ɗin nan ne da ya shekara goma yana ɗan shekara sha bakwai, kocin nan ne da usur ɗinsa ke rataye a wuya ko a wurin jana'iza.

Na ce, "Samari, wace sabuwa kuma? Ba ku ne na ba kuɗin ƙaddamarwa bara ba?"

Kyaftin ya sosa ƙeya. "Baba, suna ɗai munka canza. Wancan Onarabul ɗin ya faɗi, kuma ya bar ɗaukar waya."

"Fili fa?"

"Mun tashi daga nan, Baba. Bayan tasha muka wasa yanzu."

A saman takardar akwai sabon suna, na wani mai neman takara da aka liƙa wa wutsiyar Turanci. A ƙasanta akwai hatimi, shi kuma yana ɗauke da sunan ubangidan da ya gabaci wanda ya bar ɗaukar waya. Hatimi dai sai an biya kuɗi ake sassaƙa sabo, suna kuwa da baki ake raɗa shi, ko rago ba a yankawa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai rigar ce. Kyaftin ya juya baya zai tafi, sai na ga abin da ke tsakanin kafaɗunsa ya yi tudu. Na ɗauka laya ce. Ashe tarihi ne. Sunan farko mai buga rubutu ne ya buga shi da fenti, lokacin da ƙungiyar ke amsa sunan unguwa. Da aka sami ubangida na fari, ba a sayi sababbin riguna ba, tela aka kai wa ya ɗinka ƙyalle a kan tsohon suna. Da wannan ya sauya jam'iyya, launin ƙyallen ya zama haramun, aka ɗinka wani a kai. Da ya faɗi, aka ƙara wani. Yanzu bayan rigar ya zama kamar albasar da nake tayawa, ka ɓare wannan ɓawo ka tarar da kansila, ka ɓare na ƙasa ka tarar da ciyaman, ka ƙara ɓarewa ka tarar da wanda ya nemi majalisar jiha ya ƙare da bashin fosta, kana yi idonka na hawaye.

Duk ɗalibin da ke neman digiri a kan siyasar ƙananan hukumomi a jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya daina wahalar da kansa a ɗakin karatu. Ya zo da reza ya zauna da rigar nan. Zai ga wanda ya yi tashe da daɗewar tashensa, domin wanda ya jima yana bayarwa ɗinkinsa biyu-biyu ne, wanda aka san ba zai kai labari ba kuwa ɗaurin talala aka yi masa da zare ɗaya. Telan ma ya fi masu sharhi a rediyo sanin inda zaɓe zai faɗa. Idan ka ga ya ajiye ƙyalle ya yanka shi daidai faɗin kafaɗa tun ba a kawo masa aiki ba, to wani Onarabul na gab da komawa gona.

Kuma kada a ƙara zargin yaran nan da rashin gudu. Yaya mutum zai tsere wa mai tsaron baya alhali yana goye da 'yan siyasa huɗu? A zafin Illela na watan Afrilu? Rigar idan ta sha gumi sai mutum biyu sun kama ake matse ta. An ce akwai ɗan wasan da aka yi wa ƙeta ya faɗi rigingine bai ji komai ba, katifa ya faɗa wa. Akwai wanda jami'in iyaka ya tsare a hanyar Ƙonni za su wasan sada zumunci, ya lalubi bayansa ya ce sai ya faɗi abin da ya ɓoye a ciki. Yaron ya rantse ba komai sai sunaye. Jami'in ya ce wannan ma kaya ne.

Ba zan ɗora wa yara laifin duka ba, a wurin manya suka gani. A shekarar 2019 akwai ƙungiya a Kaduna mai suna Kada City da ta hau gasar firimiyar Najeriya. Ana cikin kakar wasa, aljihu ya yi sanyi, sai ta sayar da gurbinta ga Delta Force ta Asaba. Kafin shekarar ta ƙare ita ma Delta Force ta sayar wa Kwara United ta Ilorin, wadda ba ta daɗe da faɗowa daga gasar ba. Kujera ɗaya, gari uku, shekara ɗaya. Ko buhun wake da ke fitowa daga Tawa ya bi ta nan zuwa Legas ba ya sauya hannu da wannan sauri. Ina tausayin bawan Allah ɗaya a Kaduna da ya sayi rigar Kada City da kuɗinsa, ya kwanta yana da ƙungiya a babbar gasa, ya tashi an ce masa kujerar tana hayin Kwara. Wa zai goya wa baya? Ƙungiyar da ta rage masa a gida ba gurbi, ko gurbin da ya tafi ba ƙungiya? Ita kuwa Kwara United ta koya wa kowa darasi mai sauƙi: idan an kore ka ta ƙofar fili, akwai taga a ofis.

Sauran ƙungiyoyin ma kowace da tsohon sunanta a ƙarƙashin ƙyalle. Ta Owerri ta fara da Spartans, attajiri ya karɓe ta a 1985 ta koma Iwuanyanwu Nationale, gwamnatin Imo ta karɓe a 2006 ta zama Heartland. Gabros ta Nnewi ta wayi gari a 2015 tana amsa sunan Ifeanyi Ubah. A Fatakwal an haɗe Dolphins da Sharks a 2016 aka ce Rivers United. Katsina United da Spotlights aka san ta. Masu Gida ma, kafin wani Bakano ya ɗaga hanci, ƙungiyoyi uku aka narka a 1990 aka ƙera Kano Pillars: WRECA da Golden Stars da ta Bankin Arewa.

To a gidan kallo akwai wani maƙwabcina, ɗan Arsenal na gani-kashe-ni, wanda ya fi kowa yi wa yaran unguwa dariya. Kullum maganarsa, "Mu masu tarihi ne, ba mu canza gida, ba mu canza suna." Allah Sarki. Ƙungiyar da yake tutiya da ita ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a 1886 da sunan Dial Square, ta koma Royal Arsenal, ta koma Woolwich Arsenal, sannan a 1913, da 'yan kallo suka yi ƙaranci kuɗi ya ƙare, ta kwashe komatsanta daga kudancin Landan ta haye kogi zuwa Highbury, ta yar da sunan unguwar da ta haife ta. Har yau mutanen Tottenham kallon 'yar ci-rani suke yi mata. Na kusa da shi a benci, mai jar riga, shi ma ya yi shiru, domin Manchester United Newton Heath ce, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa, har zuwa 1902, lokacin da bashi ya kusa binne ta wani mai kamfanin giya ya zo ya ɗinka mata sabon ƙyalle. I, giya. A je a bincika kafin a zo ana yi mini rantsuwa da ita bayan sallar isha'i.

Inda muka rabu da Turawan shi ne abin da ke biyo baya. Wimbledon, wadda ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988 da John Fashanu a gabanta, masu ita sun ɗauke ta zuwa Milton Keynes a 2003, tafiyar da ta yi kusan daga nan zuwa Sakkwato, suka sa mata MK Dons a 2004. Magoya bayanta suka ce a sauka lafiya. Tun a 2002, da jin an amince da ƙaurar, suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka fara daga mataki na tara, suna tara kuɗi da kansu, suna hawa a hankali, har suka dawo cikin ƙwararru a 2011, suka koma unguwarsu ta Plough Lane a 2020. Shekara goma sha takwas mutane suna riƙe da fushi ɗaya.

Mu nan wa ya yi fushi? Filin da yaran nan suka bari ba don sha'awar bayan tasha suka bar shi ba. An wayi gari ne an ga tubali a inda ake buga kwana, aka ce shaguna za a yi, ba wanda ya ce uffan, har da masu zama a gidan kallo suna zubar da hawaye don an kori koci a Landan. Mutum ya san albashin ɗan wasan baya na Chelsea har da fam ɗin ƙarshe, amma ka ce ya kawo sunan mutum uku da ke buga wa Sokoto United, ko ya faɗi ranar da ya taka filin Giginya, sai ya fara duba waya. Yaro ya karye a fili yana sanye da sunan wani a bayansa, uwarsa ce za ta sayar da akuya a kai shi wurin mai ɗori, mai sunan kuwa yana Abuja, layinsa na kashe. Ƙwallo ɗaya ake bugawa har ta zama ƙwarya. Abin da Onarabul ya saya da kuɗin lemo da fiya-wata allon talla ne mai ƙafa biyu, kuma ya same shi da arha fiye da fosta, tunda fosta ba ta zagaya ƙauyuka da kanta.

Amma bari in ba ku wanda ya fi ba ni sha'awa, tunda mu mutanen bakin iyaka ne, mun san darajar aikin dare. A Amurka, a watan Maris na 1984, mai ƙungiyar Baltimore Colts, Robert Irsay, ya ji majalisar jihar Maryland na shirin ba birnin Baltimore ikon ƙwace ƙungiyar. Bai tsaya jayayya ba. Cikin dare, ana zubar da ƙanƙara, manyan motocin kamfanin Mayflower suka shigo aka loda komai, kowace mota ta kama hanyarta daban don kada 'yan sandan jiha su tare su, gari na wayewa ƙungiya tana kan hanyar Indianapolis. Ku dubi tsari. Lodi bayan an yi barci, rarraba hanya, tsallake iyaka kafin asuba. Lokacin da aka rufe mana iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, an yi ta kiran masu irin wannan hikima da wani suna a nan, ana bin su da mota. Can kuwa attajiri ne mai hangen nesa. Da a nan bakin iyaka aka haife shi, da yanzu ana ba da labarinsa a tashar kabu-kabu. Mutanen Baltimore suka yi kuka suka yi Allah ya isa, suka ce ba a taɓa zalunci irin wannan ba, bayan shekara goma sha biyu kuma suka je Cleveland suka ɗauko ƙungiyar wasu a 1996 suka sa mata Ravens.

A daren lodin an manta da abu ɗaya. Kayan makaɗan ƙungiyar suna wurin mai wanki, sai makaɗan suka karɓo suka ɓoye. Suka ci gaba da kiɗa duk tsawon shekarun nan, da rigunansu da gangunansu, suna yi wa ƙungiyar da babu ita kirari a bukukuwa da fareti. Wannan kam ba za a same shi a wurinmu ba, kuma ba na cewa namu sun fi su wauta. Namu makaɗin kafin motar farko ta sha kwana ya gano wanda zai gaji fili, ya san sunan kakarsa. Yanzu ma abin ya ci gaba, a situdiyo ake yin waƙar a bar gurbin suna, duk wanda ya biya a cusa nasa, amshi ɗaya, kiɗa ɗaya, "mai taimakon matasa" ɗaya. Ranar wani taro a nan garin mai sa kiɗa ya latsa tsohuwar, lasifika ta kwashe baiti biyu tana wasa abokin hamayya a gaban mai taro, 'yan rawa ba su tsaya ba don ba su ji bambanci ba. Da aka zo duka, ya ce shi ba a gama biyan shi kuɗin sabuwar ba.