Garantin Alhaji da Gudumar Bakanike

In kana son sanin abin da Bakano ya fi ƙauna a jikin sabon babur ɗinsa, dubi kujera. Wata shida da sayen roba-roba, ledar kamfani tana nan daram, har an ɗaure ta da kyauro, kada maƙwabta su ɗauka na hannu ne. Madubi kuwa tun ranar farko aka kwance shi, wai yana sa mutum ya yi kama da ɗan koyo. Takardar garanti ita kam Allah kaɗai ya san inda ta kwana, wataƙila yara sun ƙunso ƙosai da ita.

Sai ranar da birkin gaba ya fara kuka, in an matse hannun birki yana ta rawa a tafin mutum. Faifan birkin ne ya karkace, ko ya ci gefe ɗaya, don fad ɗin da ke matse shi ya ƙare tun kafin azumi, ƙarfe ke gugar ƙarfe. Masu ƙera shi sun buga lamba a jikinsa, iyakar siririn da zai kai a jefar da shi, a ƙananan babura galibi milimita 3 ko 3.5. Mu a wurinmu zanen ado ne.

Ba shagon dila ake fara zuwa ba, gindin darbejiya ake nufa. Bakanike ya leƙa, ya girgiza kai: "Oga, wa ya ce maka ana taɓa birkin gaba? Shi ke kayar da mutane!" Alhali shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur. Ya kwance faifan, ya ɗora a kan dutse, ya ba shi guduma har sai idonsa ya ce ya miƙe. Man birki ya ƙare? Ba sai an aiki yaro Ƙofar Ruwa neman DOT 4 ba, ga baƙin mai a gora, ai duk mai mai ne. Robobin ciki su sha su kumbura, birki ya kama taya ya ƙi saki, ko ya ƙi kamawa gaba ɗaya.

A nan ne ake tuna garanti, a koma wurin Alhaji dila.

"Alhaji, ai ka ce min shekara guda."

"Wallahi na faɗa, Malam. Ina rasit?"

In an yi sa'a rasit ya fito, a ƙasansa an rubuta ba a dawo da kayan da aka saya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, ga kuma hukumar FCCPC. To amma wa zai kai ƙarar mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya ba da buhun shinkafa ranar suna? Shi ma Alhaji yana da hujja: fad abu ne mai cinyewa, garanti ba ya ɗaukarsa, ga kuma tabon guduma ɓaro-ɓaro a kan faifai, kowane bugu da shaidarsa.

Sai a tashi da "Allah ya kiyaye gaba" da gaisuwar iyali. Malam ya hau abinsa, kowace danja ya sauke ƙafafu biyu yana jan silifas a kwalta. Mai gyaran takalmi na bakin shataletale ya riga ya san shi, kuma shi garantinsa ba ya tashi: sati biyu, in ya tsinke a dawo.