Shari'ar Cinyar Kaza a Unguwar Rogo

A Jos yaro ba ya laifi shi kaɗai, kullum da hannun sanyi a ciki. Garin yana bisa tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma daga Disamba zuwa Janairu ruwan randa kan zama abin tsoro. Shi ya sa idan na tambayi ɗana Abba ko ya yi wanka, sai ya ce ya yi, ruwan ne dai bai yarda ya taɓa shi ba. 'Yata Ummi kuwa ta taɓa makara Islamiyya, ta shaida wa malaminsu cewa ita ta tashi da wuri, bargo ne ya ƙi sakin ta.

Ana cikin hunturun nan surukata Hajiya ta ce za ta zo daga Kano. Maman Abba ta tafi kasuwar Farin Gada ta jibgo kabeji da karas da dankalin Turawa, tsarabar da duk baƙon Jos ke komawa da ita. Da dare ta soya kaji biyu ta rufe a kula, ta ce ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi bayani.

Washegari da azahar Hajiya ta iso, aka gaisa, aka shimfiɗa ledar abinci. Da aka buɗe kula, cinya ko ɗaya babu. Ni kuma, don Hajiya ta ga 'yarta tana gidan da ake da tsari, na jera yaran uku a gabanta na zama alƙali.

Abba, ɗan shekara tara, bai musa ba. Ya ce ɗanɗanawa ya yi, kada a kai wa baƙuwa abinci ba gishiri a ji kunya. Na ce ɗanɗanon ne har cinya biyu? Ya ce ta farkon bai gane ba sosai.

Ummi ta ce ita dai ta ji motsi da dare, kuma tana zaton zakin nan ne na Wildlife Park. Gaskiya ne wani zaki ya taɓa kuɓucewa daga can a Disambar 2015, har gari ya ruɗe, amma harbe shi aka yi tun ba a haife ta ba. Da na faɗa mata haka, ta ce to ƙaninsa ne. Na tambaye ta yadda zaki ya buɗe kula ya mayar da murfi. Ta ce ai a hannun mutane ya girma.

Saura Auta, mai shekara huɗu, ga maiƙo har haɓa.

"Baba, ni ban ci ba. Ajiye ta na yi."

"A ina?"

Ya ɗaga rigar sanyinsa ya shafa tumbi. "Nan. Kada ta huce kafin Hajiya ta zo."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, tana cewa wannan miji nata ya iya tattalin amarya. Na gyara murya zan yanke hukunci, na fara da cewa a gidan nan ba a taɓa abin da aka rufe. Sai Auta ya ɗago kai.

"To ai Baba kai ma ka ajiye. Da ka dawo daga masallacin asuba. Fukafukai da ƙundu. Ka ce kada in gaya wa Mama, shi ya sa Hajiya nake gaya wa."

Maman Abba ta leƙa kula, ta ƙirga, ta dube ni. Ina so a sani cewa mutumin da ya taka daga gida zuwa masallaci a asubahin Jos yana da haƙƙin abin ɗumama jiki. Amma ba hujjar da ake kawowa gaban suruka ba ce, don haka na tsura wa leda ido.

"Baban Abba," in ji Hajiya, "kai ma zakin ne ya biyo ka?"

Ba ta jira amsa ba. Ta jawo kula gabanta, ta ce a miƙo mata yaji, wuya da ƙafafun da suka rage ita ma za ta ajiye su da kanta.