Ina Za a Koya wa Matsoracin Yaro Keke a Madobi?

A tsaunukan Faransa, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, kowace hanya da launinta: kore na ɗan koyo, baƙi na wanda ya riga ya bar wasiyya. Mu a Madobi ba mu da ƙanƙara sai ta mai zoɓo, amma muna da keke, muna da yara masu fargaba, kuma ba wanda ya shafa mana launi a ko'ina.

Kawu zai ce a kai yaro bakin kanal, tunda hanyar a miƙe take, ba gargada. Gaskiya ne. Sai dai a dama ruwa ne yake gudu, a hagu kuma gonar shinkafa ce, taɓo har gwiwa. Yaron da hannunsa ke rawa zaɓi biyu gare shi: wanka ko dashe. Shi kuwa kawun, rabonsa da taka feda tun ranar da ya sayi babur, amma yana daga baya yana daka tsawa, "Kai, kada ka kalli ƙasa!" To ina zai kalla?

Kwalta kuwa ba a magana. Mutanen Kura sun shanya shinkafa a gefe, motocin tumatir na Kwanar Gafan sun riƙe tsakiya.

Saura filin firamare bayan an tashi. Yashi yana da laushi, awaki sun saba kaucewa. Ku kai shi can, ku bar kawu a gida.