Tawakkalin teburin mai shayi

Ni dai shayi ne ya fi ƙarfina. Ba ruwan bunu nake nufi ba, mai kauri nake nufi, wanda madarar gwangwani ta rina, aka zabga masa sukari har cokali ya kusa tsayawa da kansa. Da an idar da Isha'i a Jahun, ƙafafuna sun san hanyar tebur ko ban aike su ba. Shi mai shayin, Alhaji yake kirana, alhali ko Kano sai da dalili nake zuwa. Amma mai cin wainar ƙwai da rabin biredi kowane dare ai ya biya kuɗin sarautar.

Da jiri ya kai ni asibiti, ma'aikaciyar ta duba, ta ce, "Baba, sukarinka ya hau, jininka ma ya bi shi." Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta so babba ya wuce ƙananan cokula kamar 12 na sukari a rana, in da hali ma 6. Na yi lissafi a zuci, na ga tun kafin in tashi daga benci na cinye rabon gobe.

Nan take na zama malami. Na dawo gida ina fatawa: ajali ba ya wuce lokacinsa, waɗanda ba su taɓa shan shayi ba ma maƙabarta cike take da su. Uwargida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "To Malam, shekarar 2022 da ruwa ya taso wa gonarka ta fadama, me ya hana ka bar ta ga tawakkali?"

Ta san inda ta dosa. A shekarar nan, da kogin Haɗeja ya cika ya batse, ni ne nan tsamo-tsamo cikin taɓo har gwiwa, ina cusa yashi a buhu ana jinga, ina mitar madatsun Tiga da Challawa da ciyawar kacala mai toshe hanyar ruwa. Ban ce shinkafa tana da ajali ba. Tawakkalina sai a kan jikin da liman yake cewa amana ne a hannuna, za a tambaye ni yadda na ƙarar da shi.

Kuma ba daɗin sukarin kaɗai ke jana ba. A kan bencin nan babu kuɗin taki, babu man injin ban ruwa, babu wanda yake bina bashi sai mai shayin kansa. Mu gyara Najeriya, mu sallami kocin Arsenal, sai sha biyun dare. Asuba ce take biyan kuɗin hirar: ladan yana kira, ni ina jin sa kamar daga Kiyawa.

Abin kunyar, na yi azumi a zafin Afrilu, maƙogwaro kamar zai tsage, ban kurɓi ruwa ba. Ashe ina iya haƙuri, sai dai a watan da kowa yake yi.

Don Allah duk wanda ya gan ni a teburin yau da dare, kada ya wahalar da kansa da wa'azi, na fi shi haddace shi. Ya dai matsar da gwangwanin sukarin daga gabana.