Mutanen Hadari a Ɗan Issa

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina sai ya tsaya a Ɗan Issa, ko yana so ko ba ya so, don nan ne bakin iyaka kafin Magama Jibiya. Wani takarda ke tsayar da shi, wani kaya, wani kuma rufe iyaka, irin na Agustan 2019 da na damanar 2023, lokacin da manyan motoci suka yi ta kwana a hanya. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, mai kwanan waje a nan yana da baƙo guda: hadarin gabas, wanda ke turo iska da ƙura gaba, sannan ya sako ruwa a karkace. Da ya haɗo, halin kowa sai ya fito.

Akwai malamin hadari. Zai ɗaga kai, ya kanne ido, ya ce, "Ku zauna, wannan na mutanen Jibiya ne." Bai taɓa sayen ko leda ba. In ruwa ya kece, shi ne na farko a rumfar mai shayi, yana bayanin cewa iska ce ta juya.

Sai mai laima, ɗan birni. Ya buɗe ta da yanga a tsakiyar titi, iskar farko ta kifar da ita ciki waje. Daga nan shi ke kare laimar, ya rungume ta yana gudu.

Ɗan kabu-kabu lissafinsa daban. Leda ɗaya ga waya, ɗaya ga kuɗi, ɗaya ga takardun babur. Shi kansa ba ya cikin ƙidaya. In fasinja ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Alhaji, kai gishiri ne?"

Kusa da shi ga mai rigar gwanjo. An ɗinka ta don sanyin Turai, da gashi a wuya, ya saye ta da sunan rigar ruwa. Ruwan sama bai taɓa shi ba, gaskiya ne, amma in ya tuɓe, zufa ta riga ta yi aikin.

Baƙo kuma gindin gawo yake nufa a guje, ganin itacen babba ne. Ba wanda ya faɗa masa gawo da damana yake zubar da ganye. Yana nan tsaye ƙarƙashin rassa da ƙaya, yana duban sama, yara na dubansa.

Inda abin ya fi daɗin kallo shi ne wajen yaran mota, masu ɗaura raga su kwanta a lilo ƙarƙashin tirela. Sabon shiga yana ganin tunda ƙarfe na bisa kansa, ya gama da ruwa. Ya manta ruwan nan ta gefe yake zuwa. Ya tashi tsakar dare ya rataya tamfol, amma ya shimfiɗa shi a kwance, ba gangare. Ruwa ya taru a tsakiya, tamfol ya yi ciki kamar salka, yaro ya sa hannu ya tura, duka ya juye masa a wuya. Ya gyara wannan, sai ga sanyi na bin bayansa: ruwa ne ya biyo igiyar ragar, ɗigo-ɗigo, har gadonsa.

Tsohon direba na gefe yana dariya. Shi tun la'asar ya saukar da tamfol ɗinsa ta gabas har ƙasa, ya danne bakinsa da duwatsu, ya ƙulla tsumma a kowace igiya don ruwa ya ɗiga nan kafin ya iso shi. Takalmansa ma a rataye suke, don ya san abin da ke gudana ƙasa ya fi na sama ɓarna. Hadarin ƙasa, ai, maganin mai kabido.

Mai kabidon kansa ya yi ƙaranci yanzu. Manomi ya maye gurbin kabidon da buhun taki: a cusa kusurwa ɗaya cikin ɗaya, a kifa a kai, ya rufe baya har gwiwa. Ba a sayensa, ba a satarsa, iska ba ta karya shi, kuma mai shi bai fasa noma ba.

Na ƙarshe shi ne mai raɓe. Ba laima, ba tamfol, ba buhu, sai sallama mai kyau. "Ɗan'uwa, ɗan matsa kaɗan." Ka matsa. Ya kira abokinsa. Kafin ruwa ya ɗauke, su biyu suna tsakiyar tamfol ɗinka a bushe, kai kana baki-baki kafaɗa a jiƙe, suna ba ka shawara cewa baɗi ka sayi wanda ya fi wannan faɗi.