Wa Zai Riƙe Sandar?

Ranar Talatar nan ɗan ƙanwata ya zo aron zaurena. Ya ce, "Kawu, fitowa biyu kacal za mu ɗauka, kafin azahar mun watse." Na miƙa masa mabuɗi. Hantsi bai gama dubawa ba sai ga 'yan kabu-kabu suna ta sauke mutane a ƙofar gida, kowa da baƙin tabarau, kowa ya juya bakin hularsa baya. Yaron ya tsaya yana gabatar mini da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan darakta ne. Wancan babban darakta. Mai jar rigar shi ke kula da daraktocin. Ga furodusa, ga kuma babban furodusa, wato wanda ya sayi man janareta. Akwai jarumi, akwai jarumi na biyu da ya rantse mini shi ba na biyu ba ne, akwai jaruma da ƙawarta mai riƙe mata waya, ita ma an ce manaja ce.

Aka shimfiɗa darduma, aka kafa kamara, kowa ya gyara tsayuwa. Sai mai ɗaukar hoto ya waiwaya ya ce, "To, wa zai riƙe sandar?"

Zauren ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya daga bayan gida.

Kun dai san sandar da ake nufi, doguwar nan da ake ɗaura makirfo a bakinta a rataya bisa kan 'yan wasa. Tasu ma asalinta ta share yana ce, aka naɗe ta da salatif. Darakta ya ce shi hannuwansa na nuni ne, idan ya riƙe sanda da me zai nuna? Babban darakta ya ce abin da ƙaramin darakta ya ƙi ai ba shi zai ɗauka ba. Furodusa ya dafe kafaɗa, wai tun da ya ɗauko jarkar mai take masa ciwo, alhali kowa ya ga ɗan kabu-kabu ne ya shigo da ita. Jarumi na biyu ya ce yana da mabiya a TikTok, kada wani ya ɗauke shi hoto hannu a sama a ce an kama shi a shingen jandarma. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zaurena na ga hannu arba'in sun kasa ɗaukar sandar share yana.

Daga ƙarshe aka tare wani yaron maƙwabta da uwarsa ta aika sayen sukari, aka ɗora masa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, bawan Allah. Amma hannun yaro hannun yaro ne. Jarumi na tsakiyar faɗa wa jaruma cewa ba zai rayu ba in babu ita, sai ga makirfo yana saukowa a hankali, ya zauna daram a kan rawaninsa. Aka ce kot. Aka sake. Ya sauka a kafaɗar jaruma. Aka ɗaure sandar a jikin azara, ta kwashi hirar gara da ke cin icen. Aka jingina ta da bango, ta zame ta kwaɗe babban darakta, wanda a ganina wannan ce kaɗai fitowar da ta yi ma'ana a ranar. Wani ya kawo shawarar a ɗaura ta a bayan jakin mai ruwa, tun da shi ya saba tsayuwa. Aka yi muhawara a kai da gaske. Abin da ya hana shi ne ba a daidaita a kan muƙamin da za a rubuta wa jakin a ƙarshen fim ba.

Ni dai na daɗe da sanin wannan sanda. Na sha ganinta tana leƙowa daga saman talabijin, a fim ɗin soyayya, a fim ɗin sarauta, har a fim ɗin da aka ce labarin zamanin Kawusan ne, shekarar 1916, ta leƙo bisa kan mayaƙa ba ko kunya. Babu ɗan wasan da ya kai ta yawan fitowa. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa cewa sai an sauya mata ɗakin otal ba, ba ta taɓa fita intanet ta tona asirin wata sandar ba. In da adalci a harkar nan, ita ya kamata a kira kan dandamali a miƙa wa kambu. Sai dai a nan ma za a rasa mai riƙo ta ya hau da ita.

Abin da ke ci mini rai, mu ne masu biyan kuɗin wannan girman kai. Ka sayi data da guminka, ka zauna da iyalinka, uwa a fim tana kan gadon mutuwa za ta faɗi wanda ya haifi jarumi, sai babur ya wuce ya tafi da sunan. Iskar hunturu ta Agadez ta fi kowane ɗan wasa yawan magana a finafinanmu, janareta na bi mata. Idan abin ya lalace sai a kai wa mai tacewa, wani yaro da ke kwana a ɗaki mai zafi gaban kwamfuta, a ce ya gyara. Ya lulluɓe ɓarnar da kiɗan fiyano, a sallame shi da jika biyu da "za mu neme ka." Mai kwalliya da kayanta ta zo, mai fitila shi ya ari fitilar, mai kula da sutura ita ce ta lura jarumi ya shiga ɗaki da farin rawani ya fito da baƙi, aka ce ta yi shiru ba a tambaye ta ba. Waɗannan su ne fim ɗin. Amma je ka duba rubutun ƙarshe: sunayensu na gudu kamar an koro su, sannan "Godiya ta Musamman" ta tsaya cak tana jero Alhazai. Alhajin da ya ba da aron mota sau uku za ka gan shi, da sunansa, da sunan shagonsa, da kuma a matsayin mai ba da shawara. Shawarar da ya bayar ita ce kada a ƙona masa mai.

Kuma ba wai ƙasar nan ba ta san yadda ake yi ba. Umaru Ganda dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin *Moi, un Noir* na 1958. Ya dawo Yamai ya koyi aikin daga tushe, a 1972 fim ɗinsa *Le Wazzou polygame* ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Mustafa Alhassan da hannunsa yake zana hotunan finafinansa na zane, ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi dako ba zai ce sanda ta fi ƙarfin darajarsa ba. Ko a nan cikin garin Agadez, Christopher Kirkley, Ba'amurke, ya yi *Akounak Tedalat Taha Tazoughai* da Mdou Moctar, fim ɗin ya fito a 2015, ya ƙara da *Zerzura* a 2017, duka biyun da 'yan mutane kaɗan da kuɗi kaɗan, kuma an kalle su a ƙasashen waje. Yawan daraktocin da suka taru a zaurena ya isa a raba wa finafinan biyu a samu canji.

Na ambaci Bature, dole in taɓo ɗaya cutar tamu. Tun da Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na *The Sheltering Sky* a garin nan, fim ɗin da ya fito a 1990, har yau ban haɗu da dattijon tsohon gari da bai fito a cikinsa ba. Zauna a kowace fada daga Katanga zuwa gindin hasumiyar babban masallaci, ka ambaci fim ɗin kafin a sauke shayin farko. Wannan zai ce shi ne mai raƙumin da ya gifta. Wancan zai ce bayansa ne aka gani a kasuwa. Wani ya ce mini shi ya koya wa John Malkovich naɗin rawani, na ce to ai ban ga ya naɗa ba, ya ce shi ya sa, bai iya ba ne. Akwai wanda ya rantse Debra Winger ta sha fura a gidansu har ta nemi ƙari. Idan aka tara duk masu wannan da'awa, to ranar babu wanda ya rage a garin da zai kira salla.

Gidan nan na tsohon gari da ake kira gidan mai burodi dai gaskiya ne, an yi ɗaukar fim ɗin a cikinsa, kuma masu yi wa baƙi jagora suna nuna shi da zanen bangonsa, musamman tun da UNESCO ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013. Amma ka lura, a cikin duk masu ba da labarin nan babu ko ɗaya da ya taɓa cewa shi ya ja wa Vittorio Storaro waya, mai ɗaukar hoton fim ɗin da ke da kyautar Oscar har uku. Babu wanda ya ɗauki akwati, babu wanda ya kori yara daga gaban kamara, babu wanda ya dafa abinci. Kowa jarumi ne aka yanke fitowarsa saboda hassada. Shi kuwa Ba'abzinen da ya tafi da jarumar a cikin labarin, Eric Vu-An ne, ɗan rawa daga Faransa. Na faɗa wa wani dattijo haka, ya kurɓi shayinsa ya ce ya sani sarai, shi aka fara yi wa tayin, lokacin yana da tafiya Bilma.